Sandar Kawu a Dami na Uku

Har yau in na ga an ɗaure rake goma-goma an jingina a bakin titin Makarfi, sai in kawar da kai. Jikokina sun ɗauka ƙyashi nake yi don ba ni da haƙoran sha. Ba haka ba ne. Wata wauta ce nake tunawa, wadda na tafka da hannuna shekara biyu ko uku bayan an ba mu mulkin kai, wani kuma ya sha wahalarta.

Lokacin ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina dafa mazarƙwaila a ƙauyenmu da ke tsakanin Makarfi da Kudan. Doki na juya injin matsa, ni ina gindin kasko ina fama da hayaƙi. Ƙato ne ni, ga saurin fushi, abu kaɗan in tuɓe riga. Na shiga jam'iyyar adawa ba don na fahimci wani abu mai zurfi ba. An taɓa tasa ƙeyata zuwa aikin gonar dagaci ne ranar da raken da na sare yake kwance yana jiran matsa, na dawo na tarar ya yi tsami. Iyakar ilimina na siyasa ke nan, kuma har yau ban ga ya kasa ba.

A wancan zamani ba ka isa ka tara mutane ka yi lacca ba sai da takardar izni daga ofishin hakimi. Sakatarenmu wani tela ne siriri mai haƙurin tsiya, shi ya riƙa zarya a kan keke. Zuwan farko aka ce hakimi ya fita rangadi. Na biyu malamin ofis ya ce ya manto hatimi a aljihun rigar da aka kai wanki. Na uku aka ce ranar da muka zaɓa ta yi kusa da ranar kasuwa, alhali a ƙasarmu babu ranar da ba ta kusa da ranar wata kasuwa. A na huɗu dai aka gaji da ganinsa aka ba shi.

Ya karanta mana sharuɗɗan a rumfarsa. Daga bayan azahar zuwa la'asar. Ban da kiɗa, ban da zagin sarauta, ban da makami ko da sanda ce. In aka ga sanda ɗaya a hannun mutum a filin, an rushe taron, kuma kada mu sake taka ofis da sunan neman izni.

Nan ne gizo ke saƙar, in ji masu magana, amma ni abin da na gani a fili shi ne, a ƙasarmu namiji ba ya fita ba sanda. Da ita ake bugun ciyawa saboda maciji, da ita ake gwada zurfin rafi, da ita ake yi wa karen maƙwabci kashedi, da ita ake nuna iyakar gona in gardama ta tashi. Mutum ya gwammace ya manta hularsa. Don haka aka yanke shawarar a tsayar da wani a bakin fili ya riƙa karɓe sanduna, in an tashi kowa ya ɗauki abarsa. Da aka zo zaɓen wanda zai tsaya, kowa ya juyo ya dube ni. Na ji daɗi ƙwarai, don na ɗauka hankalina aka duba. Daga baya na gane faɗin ƙirjina ne.

Ranar laccar mutane suka yi ta ɓullowa ta kowace hanya, har daga Furana da Malikanchi, wasu ma daga can cikin Ikara. Filin gindin wata ƙatuwar tsamiya ne a tsohuwar kasuwa. Aka ajiye teburin yankan tela a inuwa, aka lulluɓe shi da tabarma don ya yi kwarjini. Ofishin hakimi ya aiko 'yan doka biyu su sa ido. Na kai musu rake kara biyu, suka samu saiwar tsamiyar suka zauna suna sha.

Karɓar sanda a hannun Bahaushe ba ƙaramin aiki ba ne. Wani ya ce tasa gadon kakansa ce, in ta ɓata zai bi ni har lahira. Wani ya ce tasa ba sanda ba ce, ƙotar fartanya ce da bai gama sassaƙawa ba. Wani Bafillace dogo ya tsaya da tasa a gicciye bisa kafaɗa, ya dube ni kamar na ce ya ba ni saniya. Sai da na rantse masa sau uku sannan ya miƙo, kuma bai saki ƙarshenta ba sai da na ja. Abin dariya shi ne yadda mutane suka koma bayan an raba su da sandunan. Sun rasa inda za su kai hannuwansu. Wasu suka harɗe su a baya, wasu suka cusa cikin riga, wani dattijo na gani yana ta sosa inda ba ya masa ƙaiƙayi.

Ana cikin haka sai ga Kawu.

Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya koya mini dahuwar mazarƙwaila da duka da zagi daidai wa daida. Kurkunu ya taɓa kama shi a ƙafar hagu yana saurayi, ya tafi ya bar ƙafar a shanye. Sandarsa ta marke ce, da zoben ƙarfe a gindi, kanta ya yi santsi saboda riƙo. A siyasa kuwa Kawu na masu mulki ne, ko su wane ne. Da Bature na nan, na Bature ne. Da ya tafi, ya koma na waɗanda aka bar wa kujerar. Cewa yake wanda Allah ya ba, shi ya ba. Amma ba a taro a ƙauyen nan ba da shi ba, ko da rabon faɗan kaji ne.

Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi ƙafa, na tambayi gida. Sannan na ce, “Kawu, ashe kai ma ka shigo?”

Ya ce, “Allah ya kiyaye. Na zo in ji irin ƙaryar da za a shirga ne, don in san ta inda zan ƙaryata ku. Matsa in wuce.”

Na ce, “Kawu, sai dai a bar sandar nan.”

Ya dube ni tun daga ƙafa har kai. “Kai, ɗan nan, wannan ka ga ta yi kama da makami? Ƙafata ce.”

“Na sani, Kawu. Amma takarda ba ta ce ban da ta guragu ba.”

Kalmar nan ta fita kafin in tare ta. Na yi tsammanin zai kwaɗa mini sandar a ka, in ya so taron ya rushe tun ba a fara ba. Sai kawai ya miƙo mini ita, ya ce tun da takardar hukuma ce ta faɗa, shi ba ya ja da hukuma. Na tallabe shi har gaban tebur, na zaunar da shi a kan wani kifaffen turmi, wuri mafi kyau a filin duka.

Da aka gama shigowa na juya na dubi abin da na tara. Sanduna sittin da uku, a watse kamar itacen girki. Na lura wasu samarinmu suna ta satar kallonsu. Na ce a raina, in wani abu ya taso, waɗannan za su rugo su kwasa, shi ke nan an gama da mu. Mutumin rake kuwa in ya ga dogayen abubuwa a zube, abu ɗaya hannunsa ya sani. Na jera su goma-goma, kai da kai, gindi da gindi. Na ɗauko igiyar rama da na jiƙa tun safe don aikin gona, na ɗaure kowane dami sama da ƙasa, na taka da ƙafa na ja. Wanda ya san rama ya san in aka ɗaura ta da danshi ta bushe a rana, sai wuƙa. Dami shida da 'yan uku a gefe. Na tura su ƙarƙashin tebur, na saki tabarma ta rufe. 'Yan dokan nan suna kallona tun daga farko har ƙarshe, ɗaya ma har ya ce mini na iya ɗauri.

Mai laccar daga birni aka kawo shi, wani gajere mai babbar murya. Ya hau tebur ya fara gaisuwa. Ya gai da malamai, ya gai da manoma, ya gai da masu rake, ya gai da waɗanda suka so zuwa ba su samu dama ba. Kawu na gabansa yana ta girgiza kai tun ba a faɗi abin musu ba. Can dai mutumin ya gyara tsayuwa ya ce, “Yanzu kuma zan faɗa muku inda harajinku yake tafiya.” Na ga Kawu ya daina girgiza kai, ya sa hannu a bayan kunne.

Daidai nan muka ji ƙugin mota. Wata akori-kura ce ta tsaya a bakin fili, ƙarti suka riƙa dirowa da gorori da kulake, irin waɗanda yanzu kuke ce wa 'yan banga. Su ba su nemi takarda ba, kuma ba wanda ya tsaya a bakin hanya ya karɓe nasu. Na gane fuskoki biyu, ɗaya ma mai sayen mazarƙwaila ne a wurina, kullum sai ya nemi gyara.

Tela ya hau kujera yana ihu, “Kowa ya zauna. Kada wanda ya ɗaga hannu.” Rabin mutane suka ji maganarsa da ƙafafunsu, suka nufi gonakin rake. Mai lacca ya dira ta baya, ban sake ganin ko hularsa ba. Samarinmu kuwa suka yo kan tebur neman sandunansu, suka tarar da ɗaurina. Suka ja, suka cije, suka zage ni. Ko ɗaya ba ta zaru ba, 'yan ukun da ke gefe kuma damman sun danne su.

Daga baya an yi ta yabonmu cewa an doke mu ba mu rama ba, har tela yana cewa tarbiyyar jam'iyya ce. Na bar shi a haka shekara da shekaru, amma yanzu na tsufa, bari in faɗi gaskiya. Rama ce ta riƙe zaman lafiya ranar nan. Ni kaina na shiga ƙarƙashin teburin ina yaƙi da ƙullin da na yi, farcena har ya fashe, don daga nan nake hango Kawu.

Kowa ya gudu ko ya kwanta, shi kaɗai ke zaune a kan turmi tsakiyar fili. Ya yunƙura zai tashi, hannunsa ya lalubi inda sandar take zama, babu. Wani ƙato ya iso kansa. Na ji Kawu yana cewa, “Kai, dakata, ni naku ne.” Aka sauke masa gora a kafaɗa. Ya sake cewa, “Na ce ni naku ne, tambayi dagaci.” Aka ƙara masa a goshi. Na fito da gudu na faɗa a kansa, sauran dukan ya sauka a bayana. Ban ji zafinsa ba sai washegari. Abin da na ji a lokacin kunya ce da baƙin ciki, irin waɗanda ban taɓa ji ba kuma ban sake ji ba.

Da motar ta tafi, 'yan dokan nan suka miƙe, suka kakkaɓe ɓawon rake daga jikinsu, suka zo suka ɗaga tabarma. Babbansu ya ja da baya ya riƙe baki, ya ce, “Ashe makamai kuka ɓoye.”

Kwana uku na yi a tsare kafin a kai ni gaban alƙali. Ni aka sa na yi dakon damman a kaina, sawu uku, don shaida ba ta kai kanta kotu. Zauren ya cika, waje ma ya cika, kusan duk waɗanda na karɓi sandunansu suna nan. Alƙalin tsoho ne mai gajiyayyen ido. Ba mugu ba ne, amma ya san abin da ake so ya yi, kuma yana da iyali. Ɗan doka ya ba da labarin yadda ya gano makamai a ɗaure, a shirye, a lulluɓe. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Alƙali ya ce, “Na wane ne sandunan nan?”

Na ce, “Allah ya gafarta Malam, na mutane ne. Karɓa na yi don a bi takarda.”

Ya ce to, duk mai sanda a nan ya fito ya nuna tasa. Amma ya sani takarda ta hana zuwa taro da sanda, don haka wanda ya ce tasa ce ya amsa laifi da bakinsa. In kuwa ba wanda ya fito, duka nawa ne. Ɗan dokan da ke riƙe da ni ya raɗa mini cewa wata guda-guda ake yi wa kowace sanda. Ban san ko gaskiya ya faɗa ba, amma na lissafa a yatsu na ga ya wuce shekara biyar.

Na juya na dubi jama'a. Mai sandar gadon kaka yana nazarin azarar rufi. Mai ƙotar fartanya ya gano wani abu mai muhimmanci a babban yatsan ƙafarsa. Yanzu na san tsoro ne, kuma kowa na da bakin da yake ciyarwa. Amma ba zan ɓoye ba, na daɗe ban yi wa wasunsu gyara ba.

Sai aka ji motsi a ƙofa. Kawu ne, kansa a naɗe da tsumma, yana dogara karan dawa. Taku biyu karan ya karye, ya dafa bango ya ƙarasa. Ya zauna ya yi gaisuwa cikakkiya, bai rage komai ba, sannan ya ce, “Allah ya gafarta Malam, ta cikin dami na uku, mai zoben ƙarfe, tawa ce.”

Alƙali ya san shi, ya san ko na su wane ne. Ya yi ƙasa da murya ya ce, “Malam, ka duba da kyau. Sanduna suna kama da juna.”

“Allah ya gafarta Malam, shekara talatin muna tare. Ko a duhu na san ta. Wannan sakaran ɗan ƙanwata ne, shi ya ƙwace ta a bakin fili, ya ce takardarku ta hana. Ban ja ba, don ni ba na ja da hukuma. Da tana hannuna da na gudu kamar kowa. Kuma ni dai ban taɓa ganin mai shirin yaƙi da ya ɗaure makamansa yadda shi kansa ba ya iya kwancewa ba. A gwada mana.”

Alƙali ya ce ɗan doka ya kwance dami. Ya durƙusa ya ja, ya sa haƙori, ya cire jar hularsa ya ajiye, gumi na ɗiga. Aka fara dariya daga waje, ta shigo zaure, har na ga alƙali ya ja rawani ya rufe baki. Da aka yi shiru ya ce shaida ɗaya ba ta isa ba, sai biyu. Nan ma ba wanda ya fito. Can sai ga Bafillacen nan dogo ya kutso kai. Bai san abin da ake ciki ba, kwana uku yana nemana. Ya nuna dami na biyar ya ce a ba shi abarsa, shanu na jira.

Haka aka samu shaida biyu. Alƙali ya yanke cewa ni karɓa na yi, ban kawo ba, don haka in tafi. Waɗanda suka amsa sun zo da sanda kuwa, wata guda-guda a gidan yari na birni. Masu gorori da suka zo a mota ba wanda ya ambace su, tun da ba su cikin takarda.

Kawu ya ce ya ji ya karɓa, amma a ba shi sandarsa ya taka zuwa motar da za ta kai su. Aka ce ba ta fita, shaida ce. Na durƙusa na ce, “Kawu, hau.” Na goya shi daga zauren har bakin hanya, mutane suna darewa. Bai fi damin rake biyu nauyi ba. Duk tsawon hanyar zagina yake, wai ina girgiza shi, wai tun ina yaro ba ni da lissafi, wai kada in bar doki ya kwana da ƙishirwa. Ni kuwa hawaye nake yi, na gode Allah da yake a bayana yake ba ya gani. Da muka kusa motar sai ya sassauta murya ya ce a kunnena, “Kai, mutumin nan da ya ce zai faɗi inda haraji yake tafiya, ina ya ce yana tafiya?”

Na ce, “Bai kai ga faɗa ba, Kawu.”

Ya ce, “To in na dawo ka tambayo mini.”

Ya dawo bayan wata guda, ya rame, ƙafar ta ƙara lalacewa. Sandunan ba a sake ganinsu ba, an ce masu gadin kotu sun ji ɗumi da su. Na sassaƙa masa sabuwa ta marke, na kai maƙera aka sa mata zobe. Ya gwada ya ce ta gaza da yatsa biyu. Na ce in sake wata, ya ce a'a, in bar ta haka don in riƙa gani. Da ita ya yi ta tafiya a karkace har ƙarshen ransa, kuma na riƙa gani.

Bai shiga jam'iyyarmu ba. Ya ci gaba da cewa wanda Allah ya ba, shi ya ba, sai dai ya daina faɗa da ƙarfi. Tela ya koma ofis sau bakwai neman wata takardar, ba a ba shi ba, aka ce mu mutane ne masu ɓoye makamai. Kowace shekara in masu karɓar haraji suka zo, Kawu zai dogara guntuwar sandarsa ya zo gindin kaskona ya ce, “Ka tambayo?” In ce ban samu wanda zan tambaya ba. Har ya rasu bai ji ƙarshen maganar ba, ni ma ban ji ba.